Takardar Shirin Darasi Da Sabon Malamin Sakandare

Da yawa daga cikin masu karanta wannan littafi ba su zauna a benci suna yara ba, sai da girma ya zo suka shiga ajin yaƙi da jahilci, suka koyi karatu da rubutu bayan sun taso daga gona ko kasuwa. Amma ga shi yanzu 'ya'yansu da ƙannensu suna sakandare, a Talata Mafara da Bakura da Maradun da garuruwan da ke kewaye da su. Saboda haka ya kamata mu san abin da a ke yi da yaran nan tun daga safe har a tashi, kada mu tsaya ga ɗinka musu tufafin makaranta kaɗai. Abin da na ke so in yi magana a kansa wata takarda ce wadda iyaye ba su cika ganinta ba, alhali kuwa ita ce linzamin karatun da a ke yi a aji. Sunanta takardar shirin darasi.

Ko wane malami sabon fitowa, ko daga kwalejin horon malamai ya fito, kamar ta Maru ko ta Gusau, ko daga jami'a, ko kuwa ɗan bautar ƙasa ne da aka turo na shekara guda, ita za a fara nema a wurinsa. Zai sami babban littafin rubutu, ya ja layi, ya rubuta abin da zai koyar mako mai zuwa, ya kai wa shugaban makaranta ko mataimakinsa ya sa hannu. In mai duba makarantu ya zo, ita ya kan fara tambaya. Ni dai ba malamin makaranta ba ne, akawu ne, karatuna kuwa bai wuce allo da firamare ba. Amma aikin akawu shi ne cika takardu da duba waɗanda wasu suka cika, don haka ba a ɓoye mini takardar da aka cika don aiki da wadda aka cika don a rabu da mai tambaya.

Takardar nan gurbi-gurbi ce. Akwai gurbin rana da aji da fanni da kan darasi da tsawon lokaci, wanda galibi minti 40 ne. Akwai gurbin manufa, watau abin da a ke so yaro ya iya in an tashi. Akwai gurbin abin da yara suka riga suka sani, da gurbin kayan koyarwa. Sa'an nan gabatarwa, da mataki na ɗaya da na biyu da na uku, da tambayoyin gwaji, da taƙaitawa, da aikin gida. Asalin wannan tsari daga wani masani Bajamushe ne, Harbat, wanda ya rasu a 1841. Ra'ayinsa shi ne sabon sani ba ya zama a zuciya sai an ɗaura shi a jikin wanda ya riga ya zauna. Shi matakai huɗu ya faɗa, almajiransa suka mai da su biyar, daga nan abin ya bazu cikin makarantun horon malamai na Turai da Amurka har ya iso gare mu.

Ban ga laifin tsarin ba ko kaɗan. Magini ba ya aza tubali sai ya ja igiya. Saurayin da bai taɓa tsayawa gaban yara saba'in ba, in ya shiga aji ba shiri, minti goma ba za su cika ba maganarsa za ta ƙare, ya koma ba da labarin ƙwallo ko neman wanda zai buga. Takardar ta kan tilasta masa ya zauna da dare ya yi tunani, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda a ke cika wasu gurabe, da kuma wani gurbi guda da ba a yi ba sam.

Mu fara da gurbin abin da yara suka riga suka sani, gama shi ne tushen maganar Harbat. Abin da aka saba rubutawa a nan shi ne an koya wa yara kaza a darasin da ya wuce, ko a ajin baya. To, an koya musu dabam, sun sani dabam. Sabon malami ya kan ɗauko manhaja, ya ga ta ce ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya riga ya iya rabawa da ɓari-ɓarin lamba tun firamare, sai ya rubuta haka, bai tambayi yaro ko guda ba. A ko'ina wannan kuskure ne, amma a ƙasarmu ya fi muni, don kowa ya san abin da ya sami karatu a nan. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin ƙasar Talata Mafara. Cikin Agusta na shekarar aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka ɗebe yara 73 daga sakandaren Kaya, cikin ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Wasu iyayen sun baro ƙauyukansu sun dawo gari da iyalinsu. Yaran da ke firamare a wancan lokaci su ne suka hau sakandare daga baya. Cikin aji guda za ka sami wanda karatunsa bai taɓa yankewa ba, ga kuma wanda ya yi zango biyu ko uku bai ga allo ba, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Wane ne cikinsu gurbin ya ke magana a kansa?

A nan malamin allo ya fi shi dabara. Ba a yi wa almajiri ƙari sai ya zo ya durƙusa ya biya na jiya, malam ya ji da kunnensa. In ya kakare, ba a wanke allon ba ke nan, ko da ɗan wane ne. Ba zai yiwu malamin sakandare ya saurari yara saba'in ɗai-ɗai ko wace rana ba, amma zai yiwu ya ba da makon farko ga bincike. Ya rubuta tambayoyi goma a allo, daga mai sauƙi ƙwarai zuwa mai wuya, ya gaya wa yara ba jarrabawa ba ce, ba kuma duka. Ya sa ko wane yaro ya karanta masa layi biyu na Turanci. In ya tattara takardun ya zube su kashi uku a kan tabarma, ran nan ne zai san ajin da aka ba shi. Abin da ya gani shi ya kamata ya shiga gurbin, ko da zai zama abin kunya ga wanda ya karanta.

Sai gurbin kayan koyarwa. Kusan ko yaushe kalmomi uku ne a ciki: allo, alli, littafi. In ka tambayi sabon malami dalili, sai ya ce ai gwamnati ba ta kawo kaya ba, ba ɗakin gwaje-gwaje, ba taswira, ba lantarki. Gaskiyarsa, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta kawo, ba na neman in sauke mata wannan kaya. Amma mu tuna an taɓa kawowa. Da aka fara tsarin karatu na shekara 6 da 3 da 3 da 4 a 1982, an sayo injuna da kayan sassaƙa da na ƙira daga ƙasashen Turai, kamar Bulgeriya, aka rarraba wa ƙananan sakandare don koyar da fasaha. Da yawansu cikin akwatunansu suka tsufa a makarantu ko'ina cikin Nijeriya, wani wuri ba wuta, wani wuri ba ɗakin da za a kafa su, wani wuri ba wanda ya san kansu. Ashe zuwan akwati ba shi ne zuwan ilmi ba. Abin da ya fi damuna shi ne sabon malami ya ɗauka kayan koyarwa sai abin da aka sauke daga mota, har ya kasa ganin waɗanda ya tsallake a hanyarsa ta zuwa makaranta.

Ga misali. Malamin kimiyya zai koyar da abin da Turawa ke kira asid da kishiyarsa alkali. Ba alƙalin kotu ba, ko da ya ke ita ma kalmar daga Larabci aka aro ta, ma'anarta tokar tsiro. Littafi ya ce a gwada su da wata 'yar takarda, litmas, mai sauya launi. Babu litmas, sai malam ya rubuta a allo cewa tana sauya launi, yara su kwafe. Alhali da ya jiƙa zoɓo ya tace, ya zuba a kofi uku, ya matsa lemon tsami a na farko, ya bar na biyu yadda ya ke, ya zuba ruwan kanwa a na uku, da yara sun ga na farko ya ƙara ja, na uku ya juye ya yi duhu yana neman kore. Daga nan sai su kawo ruwan tsamiya da ruwan toka da ruwan sabulu su gwada da kansu, su rarraba su gida biyu. Sa'an nan ya tambayi 'yan mata, don me uwayenku ke jefa kanwa cikin miyar yakuwa, wadda mu a nan mu ke kira sure? Za su ce don ta kashe tsami. To, wannan kashe tsamin shi ne babin da ke gaba a littafinsu, mai dogon suna na Turanci. Yarinya ta daɗe da sanin abin tun a gindin murhu, suna kawai ya rage a ba ta.

Malamin aikin gona kuma ya yanke gindin gorar roba biyu, ya kife su, ya toshe bakinsu da ƙyalle, ya cika ɗaya da rairayin tudu ɗaya da laka ta fadama, ya zuba musu ruwa daidai wa daida, yara su riƙe agogo su ga wadda ta fara ɗiga. Ba sai an yi dogon bayani ba a kan dalilin da ya sa a ke shuka gero a jigawa, shinkafa a fadama.

Amma babban kayan koyarwar da Allah ya ba garuruwan nan uku shi ne madatsar ruwa ta Bakolori. An fara gininta a kan Gulbin Sakkwato a 1974, wani kamfanin Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita 5 da rabi, an kuma yi ta don ta riƙe ruwa mita miliyan 450, irin mitar da a ke auna ciki da ita, watau tsawo da faɗi da zurfi. An shirya ta shayar da fili wajen hekta 23,000 cikin ƙasashen Maradun da Talata Mafara da Bakura. Babu yaron da bai san kanal ba, watau hanyoyin ruwan da suka ratsa gonaki, wasunsu ma daga can su ke wucewa in an tashi makaranta. Duk da haka sai ka ga ana koya musu lissafin cikin abu da misalin wani tankin da ba su taɓa gani ba.

Dubi abin da malamin lissafi zai iya yi. Ko wace mita guda irin wannan lita 1,000 ce, watau jarka 40 ta mai lita 25, irin wadda 'yan garuwa ke turawa a kura. In madatsar ta cika, jarka nawa ke ciki? Yara su buga, su sami jarka miliyan dubu 18, su ga sifiri sun cika layi. A nan ne za su gane amfanin gajeruwar hanyar rubuta manyan lambobi da a ke koya musu, wadda da su ke gani wahala ce kawai. Ko kuwa ya je ƙaramar kanal shi kaɗai ranar hutu, ya auna faɗinta da zurfin ruwan, ya jefa kara ya ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya ci mita 10. A ce faɗi mita 1, zurfi rabin mita, karan ya yi daƙiƙa 20. Ruwan yana cin rabin mita ke nan ko wace daƙiƙa, abin da ke wucewa kuwa lita 250 ne, jarka 10 kafin ka ƙifta ido. Sai ya gaya musu ruwan sama ya fi na ƙasa gudu, don na ƙasa yana gogar laka, saboda haka masu aikin ruwa su kan rage kamar kashi ɗaya cikin biyar. Yaron da ya yi wannan lissafi zai iya gaya wa ubansa awa nawa ruwa zai yi kafin ya ƙosar da fangalin shinkafarsu.

Ba lissafi kaɗai ba. Da aka gina wurin, wani sashe ruwa ke gangarawa da kansa, wani sashe kuma sai injuna sun tura shi cikin bututu ya fita feshi. Sashen feshin ne ya fara lalacewa, don yana bukatar wuta da gyara kullum, gangara kuwa ba ta neman mai. Ga darasin kimiyya a kan nauyi da gangara, ga kuma na tattalin arziki. Malamin ilmin halittu ya kawo dodon koɗi na bakin kanal cikin kwalba rufaffiya, ya nuna musu gidan da ƙwayar tsargiya ke girma kafin ta fito ta huda fatar mai wanka, ya zama yana fitsarin jini. Yara maza da yawa sun ɗauka wannan fitsari alamar balaga ce. Malamin tarihi kuwa yana da abin da ya faru cikin Afrilu 1980, sa'ad da manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, mutane da yawa suka rasu. Akwai tsofaffin da suka gani da idonsu. In an sa yaro ya tambayi kakansa ya rubuto, sa'an nan aka gwada abin da yara biyar suka kawo aka ga inda suka dace da inda suka saɓa, an koya musu yadda a ke tace labari, wanda shi ne aikin masanin tarihi.

Wani zai ce, yaya za a kwashi yara a fita da su bayan gari bayan abin da ya faru a 2021? Ban ce a fita da su ba, kada ma sabon malami ya kuskura ya yi haka ba da iznin shugabansa da na iyaye ba. Duk abin da na lissafta, malam ne zai ɗauko ya kawo cikin aji, a kwalba ko a leda ko a takarda, ko hoto cikin wayarsa. Akwai ma wanda ba a fita ko ƙofar makaranta. A kafa sanda a miƙe tsakiyar fili, a riƙa auna inuwarta sau ɗaya ko wane mako, lokacin da ta fi gajarta. Yara za su ga da sanyi inuwar tana miƙewa arewa, tana raguwa mako-mako, har wajen 23 ga Afrilu ta shige ƙarƙashin sandar, daga nan ta ɓullo ta kudu, sai wajen 20 ga Agusta ta sake komowa. Dalili kuwa shi ne garuruwanmu suna wajen daraja 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Za su kuma ga rana ba ta yin tsaka da ƙarfe 12, sai wajen 12 da rabi, don an daidaita agogon Nijeriya da layin daraja 15 gabas, mu kuwa muna wajen 6, ko wace daraja minti 4 ce. Malamanmu na zaure sun daɗe suna auna inuwar nan da ƙafa don sanin zawali da shigar la'asar. Sanda guda ta koyar da babin labarin ƙasa wanda yara suka fi tsoro.

Yanzu mu zo ga matakan darasi. A takarda an rubuta malam zai bayyana, malam zai tambaya, yara za su amsa. A aji kuwa sau da yawa abin da a ke yi shi ne malam ya juya wa yara baya, ya cika allo da rubutu daga littafi, ko daga intanet cikin wayarsa, su kwafe, ya share, ya sake cikawa, har a buga ƙararrawa. In ya waiwayo ya ce, kun gane? Sai su amsa baki ɗaya, e, malam. Wannan tambaya ba ta da amfani, gama ba yaron da zai ɗaga hannu gaban tsaransa ya ce shi ne bai gane ba. Ba na cewa a daina kwafe, don inda yara goma ke da littafi guda, abin da suka kwafa shi ne littafinsu. Amma a ba shi minti 10 na ƙarshe, bayan an gani an taɓa an yi gardama. Ibnu Haldun, masanin tarihin nan haifaffen Tunis wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi magana a kan irin wannan cikin littafinsa Muƙaddima. Ya soki yawan dogara ga taƙaitattun littattafai, don suna ɗora wa mai koyo ƙarshen ilmi tun bai san farkonsa ba. Ya ce a bi fanni sau uku, da fari a dunƙule, sa'an nan da bayani, sa'an nan a warware masu wuya. Ya kuma yi gargaɗi cewa tsananta wa yaro ya kan koya masa ƙarya da ha'inci. 'Yan ƙananan littattafan nan na tambayoyin jarrabawar baya da amsoshinsu, waɗanda a ke sayarwa a tasha, su ne taƙaitattun zamaninmu.

Takardar ba ta ce kome ba game da harshe, alhali kuwa a nan ne sabon malami ya fi tuntuɓe. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen gida har shekara 6, a 2025 kuma ta janye. Ko ma dai yaya, da Turanci a ke karatun sakandare, da shi kuma a ke rubuta jarrabawar WAEC da NECO. Sai malamai suka rabu biyu. Wani ya ƙi furta kalmar Hausa ko guda don kada a ce bai iya Turanci ba, yara su zuba masa ido kamar ana kiɗa a ruwa. Wani ya saki Turancin gaba ɗaya, yara su ji daɗi, ranar jarrabawa su kasa karanta tambaya. Ni a ganina hanyar zaure ta fi duka biyu. Mai karatun Ahalari ko Iziyya ko Risala shi ke jan Larabcin gaɓa-gaɓa, malam yana fassara masa da Hausa, ba a jefar da Larabcin ba, ba a kuma bar shi cikin duhu ba. Haka malamin sakandare ya kamata ya yi: ya nuna abu, ya bayyana da Hausa har ya ga idon yara ya buɗe, sa'an nan ya ba da kalmar Turanci, ya rubuta ta, ya sa su faɗa, a ƙarshe su rubuta jimla biyu ko uku da Turancinsu na kansu, ko da karyayye ne. Wanda ke shakkar ko Hausa za ta iya ɗaukar kimiyya ya nemi littafin Ikon Allah, wanda Dokta East da Alhaji Abubakar Imam suka rubuta, aka fara bugawa a 1949, ya ga yadda aka yi bayanin halittu a ciki. Ɗan bautar ƙasa da ba ya jin Hausa kuwa, kada ya ji kunyar tsai da yaro guda ya yi masa tafinta.

Game da yawan yara, takardar tana magana kamar dukansu mutum guda ne. A makarantar allo malam ɗaya ya kan riƙe almajirai fiye da ɗari, don gardawa suna biya wa titibirai, titibirai suna biya wa kolaye. Turawa ma sun yi haka. Wani limamin Kirista, Andiru Bel, ya ga yara suna koya wa juna rubutu a kan rairayi a Madaras ta ƙasar Indiya, ya ɗauki dabarar, wani kuma Lankasta ya buɗe irin wannan makaranta a Landan a 1798. Kashi ukun nan da malam ya zube a tabarma makon farko, sai ya gauraya su, ko wane benci ya sami mai ƙarfi guda. Sai dai a lura, kada gardin ya zama ɗan sarki mai riƙe bulala, kada kuma a mai da shi malami har nasa karatun ya tsaya.

Gurbin da na ce ba a yi ba shi ne na abin da ya faru bayan darasi. A wasu makarantu akwai ɗan layi a ƙasa don ra'ayi, amma shugaba ne ke sa hannu a nan, tun kafin a koyar da darasin, ya rubuta ya gani. Watau ana duba alkawari, ba a duba cikawa. A ofis ba a yin haka, in an ba mutum kuɗin aiki sai ya dawo da rasit. Da ni a ke tambaya, sai in ce sabon malami ya bar bayan ko wane shafi fari, in ya fito daga aji ya rubuta layi uku ko huɗu tun bai manta ba, kamar haka: yara 68 suka zo, kamar 20 ba su iya rabawa da lamba biyu ba, kofi uku sun yi kaɗan, na baya ba su gani ba, a maimaita mataki na biyu ran Laraba. Shugaba kuma ya karɓi littafin ƙarshen mako maimakon farkonsa, ya karanta bayan shafin, ya zauna da saurayin minti biyar, in ya ga dama ya haɗa shi da wani tsohon malami ya shiga ajinsa ya ga yadda a ke yi. In an ɗauke malamin an kai shi wani gari, ko shekarar bautar ƙasarsa ta cika, a bar littafin a ofishin makaranta, wanda zai gaje shi ya karanta kafin ya shiga ajin.